Kati a Hannu ko Gini a Ƙasa: Muhawarar Tallafin Makaranta da na Gidaje Idan Aka Dube Ta daga Lambara

Tsakure

Takardar ta ɗauko muhawarar da ake yi a duniya kan yadda ya fi dacewa gwamnati ta tallafa wa talaka a fannin ilimi da matsuguni: ta gina makaranta da gida da kanta, ko ta miƙa masa kati ya je ya zaɓa a kasuwa. An auna muhawarar da yanayin Lambara da ƙauyukan da ke tsakanin Bodinga da Shagari a Jihar Sakkwato. Matsayin takardar shi ne, katin tallafi yana aiki ne inda akwai kasuwar da za a kai shi. A wannan yanki kasuwar kayan gini ta kafu, ta makarantu kuwa ba ta kafu ba. Don haka katin ya fi dacewa da gyaran gidaje, ilimi kuma yana buƙatar kuɗi a hannun uwa da malami mazaunin gari.

Gabatarwa



Ranar 30 ga Satumba 1999 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a birnin Sakkwato. Shekara 20 kafin nan, wani malamin makaranta ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, ya hau kujerar shugabancin ƙasa a jam'iyyar NPN mai alamar gida da masara, ya kuma sa gina gidaje masu rahusa a sahun gaba na ayyukansa. Ke nan manyan alƙawura biyu da gwamnatin Nijeriya ta yi wa talaka, makaranta kyauta da gida mai sauƙin kuɗi, duka suna da igiya da wannan ƙasa tamu. Amma da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci mai fuskoki da yawa a 2022, wanda ya haɗa ilimi da lafiya da yanayin gida a ma'auni ɗaya, Sakkwato ce ta zo kan gaba, da kimanin kashi 91 cikin 100 na mutanenta. Wannan kaɗai ya isa ya sa mu saurari masu cewa a sauya hanya. Sai dai sauraro daban, haɗiye magana ba tauna daban.

Asalin maganar kati

Masanin tattalin arziki na Amurka, Milton Friedman, shi ya fito da maganar fili a 1955. Cewa ya yi biyan kuɗin karatun yaro wajibin gwamnati ne, amma gudanar da makaranta ba lalle sai ita ba. A ba kowane uba kati mai darajar abin da ake kashe wa yaro ɗaya, ya kai makarantar da ya yarda da ita, ta gwamnati ko ta kuɗi, makarantar ta karɓi kuɗin daga baitulmali. Makarantar da ba ta koyarwa yara za su watse su bar ta, wadda ke koyarwa ta cika.

Ƙasar Chile ta ɗauki tsarin gaba ɗaya a 1981. Cikin shekara 30 fiye da rabin ɗalibanta sun kasance a makarantun da ba na gwamnati ba, amma binciken da Hsieh da Urquiola suka buga a 2006 bai ga matsakaicin sakamakon jarrabawa ya tashi ba. Abin da ya gani shi ne rarrabuwa: 'ya'yan masu hali sun taru waje ɗaya, an bar 'ya'yan talakawa a makarantun hukuma. Sai da ƙasar ta yi doka a 2015 ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati cin riba, da ƙara wa iyaye kuɗi, da tace ɗalibai. A Amurka an fara da birnin Milwaukee a 1990, Kotun Ƙoli kuma ta halatta kai katin makarantun addini a 2002. Sakamakon can ma a gauraye yake. A jihar Louisiana, yaran da suka ci ƙuri'ar kati suka koma makarantun kuɗi sun ja baya a lissafi fiye da waɗanda ba su ci ba.

Masu goyon bayan kati suna da hujjoji masu nauyi, kuma daga ƙasashe masu kama da tamu. A Kolombiya, shirin da aka yi daga 1991 zuwa 1997 ya ba yara fiye da 125,000 na unguwannin talakawa damar shiga sakandaren kuɗi, kuma waɗanda suka samu sun fi kammala karatu. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya, Muralidharan da Sundararaman sun gwada tsarin a ƙauyuka 180 na tsawon shekara 4. Yaran da suka koma makarantun kuɗi sun yi kunnen doki da na gwamnati a lissafi da harshen gida, alhali kuɗin da aka kashe wa kowanensu bai kai sulusin na gwamnati ba.

Ina roƙon a lura da abu ɗaya a waɗannan gwaje-gwaje biyu. Na Kolombiya a birane aka yi shi. Na Indiya kuwa, ba a sa ƙauye cikin gwajin ba sai wanda yake da makarantar kuɗi mai rajista tun kafin a fara. Kasuwar ta riga katin zuwa. A Nijeriya inda wannan sharaɗi ya cika sosai shi ne Legas, inda ƙidayar 2010 zuwa 2011 ta gano makarantun kuɗi 12,098, ɗauke da kimanin kashi 57 cikin 100 na ɗaliban jihar. Wanda ya ce a gwada kati a Makoko ko Ajegunle, ko ma a wasu unguwannin cikin Kano da Sakkwato, maganarsa abin dubawa ce.

Abin da ke hana yaro zuwa aji a ƙauye

Lambara mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Shagari, kamar Kajiji da Jaredi da Dandin Mahe, kuma rayuwar ƙasar nan noma ce da kiwo da cin kasuwa. A irin waɗannan garuruwa makarantar firamare ta gwamnati ba ta karɓar kuɗin makaranta a hukumance, domin dokar UBE ta 2004 ta sa karatun shekara 9 na farko ya zama kyauta kuma dole. To katin da aka yi don biyan kuɗin makaranta me zai biya?

Abin da karatun boko ke ci wa magidanci a ƙauye yana wani wuri. Akwai kayan makaranta da littafi da takalmi da kuɗin tara. Akwai hannun da za a rasa a gona da damina, da wanda zai bi awaki da shanu. Babba a ciki shi ne talla. Matar da ke cikin kulle, ƙosai ko fura ko ƙuli-ƙulin da take yi ba ya kai wa mai saye sai a kan 'yarta, kuma da ribar nan ake cefanen yau, ake zubin adashi, ake tara kayan ɗakin yarinyar. Duk wanda ya taɓa zama da iyaye mata a kan wannan batu ya san tambayar da suke yi: idan ta tafi makaranta, wa zai kai mini talla? Tambaya ce ta lissafi, kuma uwar ta fi mu sanin lissafin.

Wannan yanki ya ga gwajin da ya amsa tambayar kai tsaye. A ƙarƙashin kashi na uku na shirin ilimin 'ya'ya mata, wanda UNICEF ta gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya, an raba kuɗi ga iyaye mata a jihohin Sakkwato da Neja daga 2014 zuwa 2016, naira 5,000 kan kowace yarinya duk bayan 'yan watanni. Bodinga tana cikin ƙananan hukumomi 6 da shirin ya shiga a Sakkwato, tare da Binji da Goronyo da Gudu da Kebbe da Wurno. Ba a gindaya wa uwa sharaɗi a takarda ba, sai dai an haɗa rabon da wayar da kai ta bakin sarakuna da limamai da kwamitocin makaranta. Bitar da aka yi bayan shirin ta nuna yawan 'yan matan da aka sa a makarantun da abin ya shafa a Sakkwato ya ƙaru da kimanin kashi 30 cikin 100. Iyaye da dama sun juya wani kaso na kuɗin ya zama jarin sana'a ko akuyar kiwo, wanda a ganina ba kauce wa manufa ba ne, domin shi ne ya cike gurbin tallan da aka rasa.

Wannan tallafi yana ɗauke da rabin hikimar Friedman, wato a amince wa iyaye, a bar su su yanke shawara da kuɗin. Ɗaya rabin, wato gasa tsakanin makarantu, bai taso ba, domin a yawancin ƙauyuka makarantar boko ɗaya ce da ƙafar yarinya 'yar shekara 7 za ta iya kaiwa. Shi ya sa matsalar da ta biyo baya ta zama ta cunkoso: yara sun zo, aji ya cika, malami bai ƙaru ba. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Sakkwato ta shiga a ƙarin da aka yi masa a 2023, yana raba irin wannan kuɗi ga 'yan matan sakandare, kuma zai ci karo da wannan bango idan ba a gyara batun malamai ba.

Akwai mai cewa ai kasuwar ilimi ta daɗe a ƙauyukanmu, ita ce makarantar allo da Islamiyya. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. Iyaye suna zaɓar malamin allo da kansu, suna biyan kuɗin Laraba da yardarsu, suna janye ɗansu idan ba su gamsu ba. Idan akwai inda kati zai yi tasiri a karkararmu, to Islamiyyun da suka yarda su haɗa karatun boko ne. Amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski: makarantar da ta karɓi kuɗin jama'a dole ta buɗe rajistarta, ta ɗauki malamin lissafi da na karatu, ta yarda a zo a auna yaranta kowace shekara, kuma kada ta kori ɗan wanda ba ya da ƙarin da zai bayar. Darasin Chile ke nan. Ina ganin a fara da kaɗan a garuruwan da ke da Islamiyyu masu rajista, a auna shekara 3, kafin a faɗaɗa. Ɗaya ɓangaren kuma, wato gwamnati ta gina da kanta, mun gan shi: a Gagi ta Sakkwato Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar tsangaya ta zamani ta farko a Afrilu 2012, aka gina fiye da 150 irinta a faɗin ƙasa, da yawansu kuma suka koma kufai saboda ba a tanadi albashi da abinci ba, ba a kuma jawo alarammomi a jiki ba.

Gidajen Shagari da abin da suka koyar

A Amurka muhawarar gidaje ta bi sawun ta makaranta. Bayan manyan benayen gwamnati irin na Pruitt-Igoe a birnin St. Louis sun lalace har aka fara rushe su a 1972, dokar 1974 ta buɗe hanyar biya wa talaka wani kaso na hayar gidan da ya samo da kansa. Tsarin yana taimakon iyalai fiye da miliyan 2, ko da yake kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka cancanci tallafin haya ne ke samu. Ba zan daɗe a nan ba, domin magidancin Lambara ba ɗan haya ba ne. A gidan gado yake, ko a filin da aka yanka masa a gefen gidan mahaifinsa.

Namu tarihin ya fi amfani. Gwamnatin Shagari ta tsara gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, kimanin 40,000 ke nan a ƙasa baki ɗaya. Zuwa tsakiyar 1983 abin da aka kammala bai wuce kimanin 32,000 ba. Dalilan sanannu ne. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamnoni, gwamnonin jam'iyyun adawa kuma suka riƙa jan ƙafa, ko su ba da fili a bayan gari inda babu ruwa babu hanya. Kwangila ta zama sakayyar siyasa. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya daga 1981. Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa ba: zane ɗaya aka yi wa ƙasa duka, galibi ɗaki da falo irin na ma'aikacin birni, babu zaure, babu tsakar gida mai katanga, babu wurin turke. Ba na shakkar niyyar marigayin, mutumin da bayan juyin mulkin 1966 ya dawo gida ya yi sakataren asusun raya ilimi na Lardin Sakkwato, yana bin jama'a ana tara kuɗi ana gina makarantu. Unguwannin da ake kira Shagari Kwatas a Kano da wasu birane suna nan cike da mutane yau. Sai dai ma'aikata da 'yan kasuwa ne suka gaje su, ba manomin da masarar alamar jam'iyyar ke nufi ba.

Tsarin bai sauya sosai ba tun lokacin. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana cirar kashi 2.5 cikin 100 na albashi, yana ba da rance da kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 ta hannun bankin lamunin gidaje na tarayya. Kafin mutum ya samu, sai ya nuna kuɗin shiga na wata-wata da takardar mallakar fili. Manomin gero da albasa ba ya da ko ɗaya, kuma ko da yana da su, kuɗin ruwa kaɗai ya isa ya sa shi juya baya. Rukunonin gidajen da gwamnatocin jiha suka gina, irin na Bado da Kalambaina da Gidan Salanke, duk a kewayen birnin Sakkwato suke. Haka gidaje 250 da aka ware wa jihar a shirin tarayya da aka ƙaddamar a 2024, masu albashi aka yi wa su. Ba laifi ba ne a gina wa ma'aikaci gida. Laifin shi ne a rubuta wannan a kasafi da sunan tallafin talaka.

Matsalar gida a ƙauye ta inganci ce. Katangar laka da ruwan Agusta ke ci daga tushe har ta zube, wani lokaci a kan masu barci. Rufin da ke yoyo. Rashin salga, wanda ke kai mutane bayan gari, ya dawo musu da amai da gudawa da damina. Ɗakin amarya da saurayi ke shekara biyu yana tara kuɗin kwanonsa. Duk waɗannan ana magance su da bandir ɗin kwano da katako da ƙusa da 'yan buhunan siminti na ɗaure tushe, simintin da a Kalambaina ake yin sa. Kuma a nan kasuwa ta kafu: akwai masu sayar da kayan gini fiye da ɗaya a kowane babban gari, akwai magina da kafintoci a kowane ƙauye, mai gida kuma ya san kwano mai kauri daga marar kauri fiye da yadda ya san makaranta mai kyau daga marar kyau. Duk sharuɗɗan da Friedman ke buƙata, zaɓi da gasa da sanin kaya, sun cika a kasuwar kwano. Manomanmu ma sun san tsarin, domin daga 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona, an riƙa aiko musu da saƙon waya su karɓi buhu 2 na taki a rabin kuɗi wajen dillali. Kuɗin gida ɗaya a rukunin gwamnati zai rufe ɗakuna masu yawa ta wannan hanya, kuma kuɗin zai zaga a hannun maginin garin.

Gidan malami

Gida ɗaya ne nake ganin ya wajaba gwamnati ta gina da kanta a garuruwa irin su Lambara, shi ne gidan malamin makaranta. Malaman karkara da yawa a birni ko hedkwatar ƙaramar hukuma suke kwana, suna zuwa aiki a kan babur ko motar haya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai cike wannan rami ba. Malamin da kuɗin motarsa ke cinye kaso mai tsoka na albashinsa zai riƙa zuwa kwana biyu ko uku a mako, kuma sufeto bai isa ya hana ba. Ga malama mace abin ya fi tsanani, domin ba za ta kama ɗaki a gidan da ba na muharraminta ba, ga kuma fargabar hanya da rashin tsaro ya jawo.

An taɓa kama bakin zaren. Daga 2008 an ɗauki 'yan matan ƙauye a Sakkwato da wasu jihohin Arewa, aka biya musu karatun NCE a kwalejojin ilimi irin ta Shehu Shagari, bisa sharaɗin su koma garuruwansu su koyar na shekara 2. Tunani ne mai kyau, kuma yana da tushe a nan, tun malamai mata masu laƙabin jaji da Nana Asma'u ke turawa ƙauyuka su karantar da mata a gidajensu. Abin takaici, da yawa sun gama ba a ɗauke su aiki da wuri ba. Ranar malamai ta 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin alawus na zama a karkara da gidaje masu rahusa ga malaman ƙauye. Ƙarin shekarun ritaya ya zama doka a 2022, batun gidajen kuwa har yau malaman ƙauye jira suke.

Za a ce gidajen malamai ma za su lalace, ko wani mai faɗa-a-ji ya sa ɗan'uwansa a ciki. Haɗarin gaskiya ne, maganinsa kuma yana ga wanda ya mallaki gidan. Uban ƙasa ya ba da fili kusa da makaranta, ƙaramar hukuma ta ba da takardar mallaka ta gargajiya da dokar 1978 ta ba ta ikon bayarwa a karkara, a rubuta gidan a matsayin waƙafi ƙarƙashin Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, kwamitin makaranta ya riƙe makulli. A gina shi da zaure da katanga da salga, da hannun maginan garin, yadda za su iya gyara shi bayan damina ba tare da jiran ɗan kwangila ba. Kuɗin na iya fitowa daga tallafin UBEC, hukumar da ke kula da shirin UBE, wanda ake cira daga kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, jiha ta sa nata kason, da kuma kuɗin ƙananan hukumomi da Kotun Ƙoli ta ce ranar 11 ga Yuli 2024 a riƙa biyan su kai tsaye.

Saura babban ƙalubale, wanda ya shafi kuɗin uwa da katin kwano duka: wa zai rubuta sunaye? Shirin takin 2012 ya sha fama da sunayen bogi da rashin sabis a ƙauyuka da dillalan da gwamnati ta daɗe ba ta biya ba, har wasu suka daina ba da kaya. Shawarata ita ce a fara da mazaɓa ɗaya a Shagari da ɗaya a Bodinga, a fitar da sunaye a zaman da ya haɗa mai unguwa da liman da wakilan mata, a karanta su a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, a manna kwafi a ƙofar hakimi na mako 2 don mai ƙorafi ya zo. A ajiye kuɗin dillalai a banki tun kafin a raba kati ko ɗaya, a biya su cikin wata guda da kawo shaidar ba da kaya. Sashen ilimi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma ya auna karatun yaran kafin a fara, ya sake aunawa bayan shekara 2, tare da ƙirga kwanakin da kowane malami ya shiga aji.